Kafin Ka Ce Firinta Ta Lalace

Daren wata Lahadi, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya kira ni a waya muryarsa na rawa. "Kawu, firintarmu ta lalace, kuma gobe da ƙarfe bakwai nake da jarrabawa, ba a shiga sai da takarda." Gidansu ba nisa, na zura takalmi na tafi. Na tarar da shi durƙushe gaban teburi, hannuwansa baƙi ƙirin da garin tona, don ya ciro kwalin tonar ya girgiza har sau biyu. Ya kashe kwamfuta ya kunna sau uku. Ya sauko da wata manhaja daga intanet wadda ta yi masa alkawarin maganin kowace cuta, ita kuwa ba abin da ta tsinana sai cika masa allo da tallace-tallace. Sa'ad da na shigo yana shawara da wani abokinsa ko ya goge komai na kwamfutar ya sake zuba mata Windows. Firinta kuwa tana gefe abinta, 'yar fitilarta koriya a kunne, ko tari ba ta yi.

Na ce, "Yaushe rabonta da fitar da takarda?"

"Jiya da safe, Kawu."

"To, tsakanin jiya da yau me ya faru a gidan nan?"

Ya ce ba komai. Sai mahaifiyarsa ta ɗago murya daga kicin: "Yaya, in ban da wutar da aka ɗauke da la'asar, aka dawo da ita da magariba, ni dai ban ga komai ba."

Ita da ba ta taɓa kwamfutar ba ita ce ta faɗi cutar, shi da ya yi awa biyu yana fama bai ji ba.

Ku ƙannena da 'ya'yana masu tasowa, ku ne yanzu ake kira a kowane gida in na'ura ta ƙi. Tsoho ya miƙo maka waya, inna ta turo a kira ka, don kai ne "mai ilimin kwamfuta". Hannunku ya fi namu sauri, wannan ba gardama. Amma saurin nan shi ne yake kai ku ƙasa. Kuna fara magani tun ba ku san inda ciwon yake ba, kuma kowane magani da kuka gwada yakan bar nasa tabon, har ta kai mai gyaran da zai zo daga baya ya rasa wanne ne ciwon asali, wanne ne naku. "Ta lalace" kuka ne kawai, bai nuna wa kowa inda zai sa hannu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya yi aiki jiya ya ƙi yau, akwai abin da ya canza, kuma tambayar farko ke nan: me ya canza?

Idan ka danna a buga takarda, saƙon yana da zango-zango. Manhajar da ka rubuta wasiƙar a ciki za ta miƙa shi ga direba, wato 'yar manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren da firintar ke ji. Daga nan ya shiga layi ya jira. Daga layi ya bi iska ko ya bi kebul zuwa rauta, 'yar akwatin nan mai ƙaho da ke raba intanet a gida. Rauta ta miƙa wa firinta, firinta ta ja takarda ta zuba baƙi. A kowane zango saƙo na iya maƙalewa, kuma a dukkansu abin da kake gani iri ɗaya ne: takarda ba ta fito ba. Don haka aikinka na farko shi ne ka tsaga tafiyar gida biyu, ka gano ko a wane ɓangare ya kwana.

Na matsa gaban firintar, ban kula kwamfutar ba. Kusan kowace firinta mai hawa sadarwa tana iya buga takardar bayanin kanta daga maɓallanta, ba sai da umarnin kwamfuta ba. A wasu ana shiga saitinta ta ɗan allon da ke jikinta, a wasu ana danne wani maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi. Littafin da ya zo a kwalinta yakan faɗi yadda ake yi, in ba a riga an hura gawayi da shi ba. Na danna, ta yi ɗan gurnani, takarda ta fito tsaf, baƙi ya kama ko'ina. Ɗan ƙanwar nan tawa ya dubi takardar, ya dubi hannunsa mai baƙi. Cikin minti ɗaya mun wanke tona, mun wanke abin jan takarda, mun wanke injin gaba ɗaya. Rabin zargi ya faɗi. Da a ce akwai wata kwamfutar ko wata wayar da ta saba bugawa a gidan, da na gwada ta ita ma: in ta buga, laifin na kwamfutarsa ce ita kaɗai, in ta ƙi, to a hanya yake.

Takardar bayanin nan kuma tana ɗauke da abin da na zo nema. A cikinta akwai layin da ke nuna adireshin firintar, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu: 192.168.0.107. Na ce ya buɗe saitin firintar a kwamfutarsa, ya shiga shafin da aka rubuta wa Ports, ya karanto min adireshin da ke can. Ya karanto: 192.168.0.103.

A nan zan ɗan daɗe, domin a garuruwanmu wannan cuta ta fi kowace yawa, kuma ba laifin kowa ba ce. Aikin fatoma rauta ke yi. Duk baƙon da ya sauka, waya ce ko laftof ko firinta ko talabijin, sai ya yi sallama ya ce a ba shi ɗaki, ita kuma ta ba shi lamba. Lambar nan aro ce, ba mallaka ba. Masana suna kiran wannan tsarin rabo DHCP. Muddin wuta na nan, kowa na ɗakinsa. Amma in aka ɗauke wuta, ƙananan rauta da yawa sukan manta wa suka bai wa wane ɗaki. Wuta na dawowa sai a sake rabo, kuma wanda ya riga sallama shi ke samun ɗakin farko. Wayoyi da batirinsu a faɗake suke, suna jiran rauta ta buɗe ƙofa su faɗa. Firinta kuwa sai ta tashi, ta yi ɗumi, ta yi miƙa, kafin ta zo an rabe ɗakunan gaba. Ita kuma kwamfuta, in da lamba aka ɗaura mata firintar tun farko, tana nan tana ta aika saƙo tsohon ɗaki. A ƙasar da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, mutum zai iya tsufa bai gamu da wannan ba. Mu nan a mako guda sai ya same ka sau biyu.

Akwai wani ɗan umarni da nake so kowannenku ya haddace, shi ne ping. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta shi a 1983, ya raɗa masa suna daga ƙarar da na'urar jirgin ƙarƙashin ruwa ke aikawa ta saurari dawowarta. Mu sai mu ce sallama. Ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka rubuta ping, ka bar sarari, ka rubuta adireshin. Windows za ta yi sallama sau huɗu. In akwai kowa a ɗakin, za ka ga amsa huɗu da lokacin da kowace ta ɗauka. In ba kowa, za ta ce maka lokaci ya ƙure ko ba a iya isa wurin ba.

Ɗan nawa ya yi wa tsohon adireshin sallama, sai ga amsa, huɗu cif. Ya juyo da murna, "Kawu, ai ga ta nan, tana nan!" Na ce, "An amsa maka dai. Ka tabbata muryar mai ɗakin ce?" Na sa ya kashe firintar gaba ɗaya ya sake sallama. Aka sake amsawa. Ashe wayar mahaifiyarsa ce ta gaje ɗakin, tun magariba ita ake ta aika wa takardar jarrabawa tana kau da kai. Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce ka rubuta adireshin a manhajar da kake shiga intanet da ita, inda kake rubuta sunan shafi. Yawancin firintocin sadarwa suna da ɗan shafinsu a cikinsu. In firinta ce a wurin, shafin zai buɗe da sunanta da yawan tonar da ta rage.

In kuwa ka duba takardar bayanin ka ga adireshin ya fara da 169.254, to firintar ba ta ma sami fatoma ba. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta gaji ta raɗa wa kanta lamba. Wannan kada ka wahalar da kwamfuta a kansa. Ka duba kebul, ko ka sake haɗa ta da waifai.

Gyaran adireshi kashi biyu ne, na yau da na gobe. Na yau shi ne ka canza lambar da ke kwamfuta ta dace da sabuwar. Na gobe shi ne ka shiga saitin rauta ka ce mata wannan ɗaki na firinta ne har abada, ko wa ya riga ta zuwa. Kowace na'ura tana da wata lambar haihuwa da ba ta canzawa, ana ce mata MAC, tana nan a takardar bayanin. Da ita rauta za ta riƙa gane ta. Da yawanku kukan tsaya a na yau, don an fi yaba wa wanda aka kira sau goma ya gyara sau goma. Ni dai na fi ganin girman wanda aka kira sau ɗaya.

Wani abin sha'awa, sadarwa da firinta kusan tagwaye ne. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, Gary Starkweather ya haɗa firintar leza a farkon shekarun 1970, a nan kuma Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a 1973, wato tsarin kebul ɗin da har yau muke sokawa a bayan rauta. Cikin dalilan ƙirƙirarsa har da yadda kwamfutoci da yawa za su aika aiki ga firinta guda. Ke nan rigimar da ta hana ku barci ta girmi iyayen wasunku.

Sauran cututtukan hanya ba sa bukatar dogon bayani. Firintoci da yawa, musamman masu araha, waifai na 2.4 kaɗai suke ji, ba sa ganin na 5, alhali sababbin rauta suna watsa duka biyun. Wasu rauta suna da sadarwar baƙi daban, wadda aka yi ta musamman don kada wanda ke kanta ya ga na'urorin gida. In laftof ɗinka na can, har gobe ba za ta ga firinta ba. Wani lokaci kuma maigida ne ya canza kalmar sirri saboda yaran maƙwabta suna shanye masa data, aka gaya wa kowa a gidan aka manta da firinta, ita ba ta da bakin tambaya. Na taɓa ganin gidan da ƙaramar rautar aljihu ce ke haɗa komai, maigidan ya sa ta a aljihun babbar riga ya tafi ɗaurin aure, 'ya'yansa suna gida suna zagin firinta.

Sai layi. Windows tana da wani ma'aikaci a ɓoye mai suna Print Spooler, shi ke tsare da layin ayyukan da ke jiran bugu. Matsalarsa ita ce bin ƙa'ida fiye da kima: in aikin da ke gaba ya maƙale, duk na bayansa sai su tsaya, kamar mota guda ta mutu a kan siririyar gada. Kai kuma kana ganin shiru sai ka sake dannawa, ka sake, kana ƙara motoci a bayan wadda ta mutu. Ka buɗe layin ka soke duka. In sun ƙi sokuwa, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Print Spooler ka tsayar da shi. Sannan ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge fayilolin da ke ciki, fayilolin kaɗai, ka bar jakar a wurinta. Ka koma ka tayar da ma'aikacin. Wannan ba ya ɗaukar minti biyar, amma na san waɗanda suka goge kwamfuta ɗungurungum, da hotunan bikin yayarsu da komai, saboda shi. Garin neman gira aka rasa ido.

Kuma don Allah ku riƙa karanta abin da na'ura ta rubuta muku. Na lura da zarar ɗan akwatin gargaɗi ya bayyana, yatsanku ya riga idonku isa wurin rufe shi. In an tambaye ku me ta ce, sai ku ce "wani abu dai ta rubuta". Gaskiya ne na'urorin ma ba su cika iya magana ba. Tsofaffin firintocin LaserJet na kamfanin HP sun yi suna da wani saƙo mai cewa PC LOAD LETTER, wanda ya rikita ma'aikatan ofis a ƙasashe da dama. Mutane sun ɗauka PC ɗin kwamfuta ake nufi, kuma wasiƙa ake ce su loda. Alhali PC ɗin akwatin takarda ne, Letter kuwa sunan girman takardar da Amurkawa ke amfani da ita. Tasu milimita 216 ce a faɗi, 279 a tsawo; tamu A4 kuwa 210 ce da 297. In manhajarka tana kan saitin Amurka, firinta za ta iya tsayawa tana jiran takardar da ba a sayarwa a kasuwarku, ko ta buga ta yanke maka gefen rubutun. Ka canza girman takarda zuwa A4, magana ta ƙare.

In lamba ta rubuta, ka kwafe ta harafi da harafi, ko ka ɗauke ta hoto da waya. A 2021 an gano wata babbar kafa a cikin Print Spooler ɗin nan, aka raɗa mata PrintNightmare, wadda ɓarayin intanet za su iya bi su ƙwace kwamfuta. Kamfanin Microsoft ya fitar da gyare-gyare don toshe ta, bayan haka kuma mutane da yawa masu raba firinta daga wata kwamfutar zuwa wata suka fara ganin lamba 0x0000011b, bugu ya tsaya musu. Wanda ya riƙe lambar ya bincika, ya san abin da ke damunsa cikin minti goma. Sai dai a nan ma akwai tarko: mafi saurin maganin da ake yaɗawa shi ne ka kashe kariyar da aka ƙara. Takarda za ta fito, amma ka cire ƙyauren gida ne don makulli ya yi tauri. In firintarka na iya hawa rauta da kanta, ka haɗa ta kai tsaye, kowace kwamfuta ta aika mata ba tare da ratsa ta wata ba. Direba kuwa, kada ka ɗauko shi ko'ina sai shafin kamfanin da ya ƙera firintar.

Wani lokacin fa jikin ne. Da damina takarda kan sha danshi ta manne, firinta ta ja biyu ko uku a tare ta shaƙe. Ka riƙa ajiye rim a ledarsa, ka kaɗa gefen takardun kafin ka zuba. Da hunturu ƙura kan kwanta a robar da ke jan takarda har ta yi santsi, tsumma mai ɗan laima ya ishe ta. Firintar leza tana da wani sashe da ke gasa tona a jikin takarda da zafin da ya kusa digiri 200, don haka lokacin da take ɗumi takan zuƙi wuta da ƙarfi. Ƙaramin inbata ko ɗan janareta sai ya durƙusa, rauta ta mutu ta tashi, a koma gidan jiya. In takarda ta maƙale, ka kashe, ka jira ta huce, ka ja a hankali da hannu biyu. Ban da wuƙa, ban da tsinke.

Akwai kuma abin da ya shafi hali, wanda na fi damuwa da shi a kan duk waɗannan. Ka canza abu ɗaya, ka gwada, in bai yi ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na biyu. In ka canza biyar a tare ta tashi, ba ka san wanne ya yi ba, gobe in ta sake ƙi kana nan inda kake. Ka ajiye ɗan littafi kusa da firintar: kwanan wata, abin da ta yi, abin da ka yi. In kuma abin ya fi ƙarfinka ka kai wa mai gyara, ka faɗa masa duk abin da ka taɓa, har wanda kake jin kunyarsa. Masu gyara sun gaji da jin "haka kawai ta tsaya" daga bakin wanda ya kwance ƙusa huɗu ya mayar da uku. Da ka ce masa, "Maigida, tana buga takardar bayaninta, waya ma na bugawa, laftof ce kaɗai ta ƙi, ga lambar da take nunawa," ka rage masa rabin aiki, ka rage wa kanka rabin kuɗi, kuma zai kalle ka da wani ido daban.

Daren nan dai na sa yaron ya sake kunna firintar, ya mayar da 103 zuwa 107 da hannunsa. Na gyara zama zan fara yi masa bayanin yadda za mu ware wa firintar ɗaki a rauta, sai muka ji ta ja numfashi. Takarda ta fito, ga hotonsa, ga lambar kujera. Kafin ya gama hamdala wata ta biyo, sannan wata. Ni mai wa'azin layi, ashe na manta ban sa ya share layin ba. Muna tsaye muna kallo har ta ajiye goma sha huɗu, daidai adadin dannawar da ya yi.

Mahaifiyarsa ta fito tana goge hannu a zani, ta tattara su, ta zare ɗaya ta miƙa masa. "Sauran ni zan ajiye, in riƙa rubuta lissafin adashi a bayansu. Kada in kuskura in ga an ƙunso ƙosai da hoton ɗana." Ta juyo gare ni. "Yaya, tuwon ya huce fa."